Dajin Rugu: Asalinsa da Abin da Ya Jawo wa Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Hanyar motar da ta tashi daga Birnin Katsina ta yi kudu, ta bi ta Kurfi da Dutsin-Ma ta nufi Ƙanƙara, kusan ta zama iyaka tsakanin ƙasa iri biyu. Gabas da ita, wajen Caranci da Kankiya da Matazu, gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Yamma da ita kuwa, in an wuce Batsari da Safana da Ɗanmusa, sai garuruwa su yi ta raguwa, har a faɗa wani daji mai faɗi wanda ya miƙe zuwa ƙasar Zamfara, ya kuma kai iyakar Nijar ta wajen Jibiya. Wannan shi ne Dajin Rugu, wanda tsofaffin littattafai su ke kira Dajin Rubu. Galibin mutane sun ɗauka haka ya ke tun fil azal, ba a taɓa zama cikinsa ba. Alhali kuwa babban sashe nasa ƙasa ce mai garuruwa da ganuwa, yaƙi ne ya tashe su cikin ƙarni na 19. Abin da wannan takarda za ta bi sawunsa shi ne yadda horon da wani sarki ya yi wa talakawansa wajen 1844 ya bar ƙasa fayau, da yadda kowace hukuma da ta biyo baya ta tarad da filin ta yi da shi abin da ta ga ya dace da zamaninta, har ya zama abin da ya hana mutanen Dutsin-Ma da Kurfi barci bayan shekara ɗari da saba'in.

Tushen maganar yana cikin jihadi. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, mutum uku ne suka shugabanci jama'arsa a ƙasar Katsina: Malam Ummarun Dallaji, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. A 1807 birni ya faɗa hannunsu. Sarkin Katsina Magajin Haladu ya fita ya yi arewa, aka bi shi har Ɗankama, can ya faɗa rijiya ya mutu. Sarauta ta tabbata ga Ummarun Dallaji, sauran gidajen biyu kuwa aka ba kowanne yankinsa. Gidan Na Alhaji ne ya riƙe sarautar Yandaka, wadda mazauninta ke Dutsin-Ma yau.

Da a ce labari ya ƙare a rijiyar Ɗankama, da tarihin wannan yanki ya zama dabam. Amma sauran 'ya'yan sarautar da suka tsira suka naɗa Ɗankasawa, suka fake a ƙasar Damagaram shekaru, sa'an nan wajen 1819 suka sauko Maraɗi, inda mutanen wurin suka yi wa sababbin masu mulki bore suka karɓe su. Tun daga nan Katsina ta zama biyu. Na Maraɗi bai taɓa kiran kansa da wani suna ba sai Sarkin Katsina, ya kuma naɗa Ƙaura da Galadima da Yandaka da Durɓi nasa, daidai yadda a ke yi a birnin kakanninsa. Mai nazarin sunaye zai ga abin lura a nan. Ita kanta kalmar Maraɗi sunan sarauta ce ta tsohuwar Katsina kafin ta zama sunan gari, kuma sarautar ba ta ɓace ba a wannan gefe, gama Hakimin Kurfi shi ne Maraɗin Katsina. Watau sarautu iri ɗaya aka riƙa yi a fada biyu, kowace tana ganin ita ce ta gaskiya, tsakaninsu kuwa tafiyar kwana biyu ce ko uku ga mai doki. Irin wannan gaba ba ta mutuwa da wuri, don ba kan ganima kaɗai a ke yinta ba, kan gado ne.

A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, ya yi musu mummunan kaye. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda duk suka kwanta a fagen. Mai kallon al'amarin ran nan zai ce an gama da Maraɗi ke nan. Sai Ɗanmari ya gaji Rauda, ya kuwa gane abin da magabatansa ba su yi amfani da shi sosai ba, cewa cikin ƙasar da aka ƙwace musu akwai garuruwan da zuciyarsu ba ta kwanta da sabon mulki ba. Mafi yawansu suna yamma, a ƙasar Ruma. A lokacin Siddiƙu ɗan Ummarun Dallaji ne ke sarautar Katsina, mutum ne jarumi, amma mai tsanani. Wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan Ruma suka yi tawaye suka bi Ɗanmari, shi kuma ya ratso ƙasar har ya kafa sansani a Matazu. Duk wanda ya dubi taswira zai ga nauyin wannan abu. Ruma na yamma da Kurfi, Matazu na kudu maso gabas da Dutsin-Ma, saboda haka ƙasar da a ke magana a kanta tana tsakiyar wutar sosai, birnin kuma ya kusa yankewa daga kudancin ƙasarsa.

Siddiƙu ya sami gudummawa, ya fatattaki Ɗanmari, sa'an nan ya juya kan garuruwan da suka bi shi. Aka ƙone na ƙonewa, aka kama mutane, waɗanda suka tsira suka watse, waɗansu Maraɗi, waɗansu cikin duwatsu da garuruwan da ke da ƙarfin ganuwa. Ta wajen dabarar yaƙi ba za a ce bai san abin da ya ke yi ba. Garin da babu kowa ba ya ciyad da dokin abokin gaba, ba ya kuma buɗe masa ƙofa da dare. Nufinsa ke nan, ya kuwa biya bukatar ranar. Shi kansa bai daɗe yana cin moriyarta ba, don a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Wani abin mamaki, daga baya Siddiƙu ya koma wajen mutanen Maraɗin nan da ya yaƙa, ya haɗa kai da su na wani lokaci don neman sarautar da ta kuɓuce masa.

Bai kamata a ɗora wa mutum guda dukan nauyin ba. Ƙasar da aka ƙone ta kan farfaɗo cikin 'yan shekaru in an bar ta, gama manomi ba ya son rabuwa da kufan ubansa. Abin da ya hana Ruma farfaɗowa shi ne harin da bai tsaya ba har ƙarshen ƙarnin. Siddiƙu ya share wurin don kada abokan gaba su sami masauki, sai ga shi ya yi musu abin da ya fi masauki amfani, watau hanya mai duhu wadda runduna za ta bi kwana da kwanaki ba wanda ya gan ta balle ya kai labari birni. Itatuwa suka tsiro cikin gonaki, rijiyoyi suka rufta, namun daji suka dawo. Wannan ne sakamako na fari da ba a zata ba, ya kuma bayyana tun mai aikin yana da rai.

An yi sa'a akwai wanda ya ga ƙasar da idonsa shekara tara bayan abin, ya kuma rubuta. Shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim. Ya tashi daga Katsina cikin watan Maris 1853 zai tafi wurin Sarkin Musulmi, tare da ayarin Galadiman Sakkwato. Saboda tsoron rundunar Gobirawa ba su miƙe yamma sosai ba, sai suka karkato kudu, suka bi ta Kuraye suka zo Kurfi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a Kurfi shi ne tsaron garin, ganuwa da gwalalo ba ɗaya ba, an haɗa su da duwatsun wurin. Ya ƙiyasta mutanen garin dubu takwas zuwa tara, aka kuma gaya masa ba a daɗe da kafa shi ba, waɗanda suka cika shi kuwa sauran mutanen garuruwan da aka rushe ne. Ya rubuta sunan iri biyu, da "r" da kuma "l", abin da ke nuna kunnensa ya kama musayar da waɗannan baƙaƙe su kan yi a ƙarshen gaɓa, yadda a kan ji "harshe" a wani wuri a ji "halshe" a wani. Daga Kurfi suka tafi Zakka, wadda ke ƙasar Safana yau. Ita ce zangon ƙarshe kafin daji. Daga nan sai tafiya ta gaggawa cikin tsoro, suna wuce kufan garuruwa, har suka fita Bunka da Zurmi a ƙasar Zamfara.

Wannan shaida tana da daraja ƙwarai, don ta nuna abu biyu tare. Dajin sabo ne a 1853, har matafiyi na iya gane inda garuruwa suka tsaya. Girman Kurfi kuma daga faɗuwar maƙwabtanta ya fito. Jama'ar da dā ke warwatse a garuruwa da ƙauyuka da yawa ta dunƙule a wurare kaɗan masu dutse da ruwa. Ba Kurfi kaɗai ba, haka tsarin zama ya koma a duk bakin dajin. Labarin da a ke bayarwa na asalin Dutsin-Ma, cewa wani maharbi mai suna Ma ne ya fara zama a kan dutsen da ke tsakiyar garin, mutane suka riƙa zuwa saboda ruwan da ke gindinsa, ya dace da wannan zamani ko da ba a ɗauke shi kalma da kalma ba. Maharbi da dutse da ruwa, su ne abubuwa uku da mai zama a bakin daji ya ke bukata. Tsofaffin garuruwan sana'a irin su Karofi, wadda sunanta ma ke nufin marina, suna bukatar abu na huɗu, watau hanyar fatauci mai lafiya, ita ce kuwa ta yi wuya.

Sauran ƙarnin bai canja kome ba. Ɗanbaskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi shekara ashirin da 'yan kai har wajen 1875, ya yi ta kawo hari ƙasar Katsina da Zamfara har da Kano. Bayansa aka yi zamanin Ƙaura Hasau. Ta wannan gefe kuma Ruma ta zama bakin daga, mazaunin mayaƙa irin su Ɗanwaire, waɗanda sunansu ya wanzu a bakin maroƙa. Shekara sittin ke nan ƙasa tana kwance ba garma, tsawon da ya isa jikokin waɗanda aka kora su tashi ba su san iyakar gonakin kakanninsu ba.

A 1903 Gwamna Lugga ya shiga Katsina ba tare da yaƙi ba. Ba da daɗewa ba aka yi wani shiri a Turai wanda ba don Katsina aka yi shi ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Maraɗi a rabon Ingilishi, amma Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Da ƙasashen biyu suka daidaita rigingimunsu a 1904 sai aka janyo iyakar kudu, aka ƙara gyara ta a 1906, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Maraɗi ta faɗa rabon Faransa. Ta haka gabar gida biyu na sarautar Katsina ta ƙare ba wanda ya ci wani, aka raba su da layi, ɗaya yana koyon Turanci ɗaya Faransanci. Dajin da ke tsakaninsu kuwa, wanda dā iyaka ce ta yaƙi, ya zama kusa da iyakar ƙasa da ƙasa.

Da hari ya tsaya, zamanin Sarki Muhammadu Dikko wanda ya hau a 1906, sai mutane suka fara saukowa daga duwatsu suna fita daga ganuwa. Aka yi ta saran daji ana kafa unguwanni da 'yan ƙauyuka, baƙi suka zo daga wuraren da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Fulani makiyaya, waɗanda annobar shanu ta wajen 1890 ta karya, suka sake tara dukiya suka shigo neman ciyawa. A cikin wannan zamani ne Dutsin-Ma ta tashi daga ƙaramin wuri ta zama garin hakimi da kasuwa. Da an bar abin ya bi hanyarsa, mai yiwuwa ne da gatari da garma sun cinye dajin duka kafin 1960, yadda suka cinye na wurare da yawa a ƙasar Hausa.

Ba a bar shi ba, saboda Turawan gandun daji sun riga sun gan shi. A ganinsu ƙasar Katsina ta yi ƙarancin itace, kuma cikin shekarun 1930 tsoron matsowar hamada ya kama ma'aikata, musamman bayan da wani masanin daji, E. P. Stebbing, ya zaga yankin ya yi gargaɗi a 1935, har Ingila da Faransa suka aiko da kwamitin haɗin gwiwa ya duba iyakar a 1936 zuwa 1937. Ka'idar keɓe gandun daji kuwa ita ce a nemi inda masu haƙƙi suka yi ƙaranci, don kada a sha wahalar tashin mutane da biyan diyya. A ƙasar Katsina duka babu inda ya cika wannan sharaɗi kamar kufan Ruma. Saboda haka En'e ta keɓe babban yanki, wanda a takardun hukuma a ke kira gandun Ruma da Kukar Jangarai, aka ja masa iyaka, aka sa malaman daji, aka hana noma da zama cikinsa sai da izini. Ma'aikacin da ya ja layin yana ganin daji ya ke ceto daga hannun manoma. Ba lalle ne ya san cewa gonakin dā ya ke hana jikokin masu su komawa ba. Abin da yaƙi ya yi na wucin gadi, doka ta mai da shi dindindin, kuma wannan mataki ne ya fi kowane nauyi cikin silsilar, ko da ya ke shi ne mafi kyakkyawar niyya.

Bayan samun mulkin kai sai aka sake wa dajin aiki. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, tana son Fulani su zauna wuri guda a kai musu ruwa da maganin dabbobi, a kuma rage rikicinsu da manoma. Ruma da Kukar Jangarai na cikin wuraren farko da aka gwada wannan shiri, da taimakon ma'aikatan Amurka. Aka haƙa tafkuna, aka tsara yadda za a riƙa kiwo yanki bayan yanki. Makiyaya suka amsa kira suka shigo da iyalinsu. Amma shirin bai sami mai riƙonsa ba. A 1967 aka rushe Jihar Arewa, Katsina ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, Zamfara ta faɗa ta Arewa maso Yamma, daji ɗaya ya zama na gwamnati biyu. Aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, a 1976 kuma aka kawo tsarin ƙananan hukumomi, shekarar da Dutsin-Ma ta zama mazaunin ƙaramar hukuma. Hakimi da dagaci da malamin daji, waɗanda dā su ne idon hukuma a bakin dajin, ƙarfinsu ya ragu, ba a kuwa sa wani a gurbinsu ba. Tafkunan suka cike da yashi. Makaranta da asibiti da ofishin 'yan sanda ba su shiga ba, tun da ya ke a takarda wurin gandu ne, ba mazaunin mutane ba.

Sa'an nan aka yi farin 1972 zuwa 1974, aka sake yin na 1983 zuwa 1985, dabbobi suka gangaro daga arewa suka ƙaru a kan na wurin. A waje kuma jama'a ta yi ta yawaita, gonaki suka ci burtali da mashaya, suka fara cin gefen gandun kansa, wani da izini wani ba izini. Makiyayin da ke ciki ya ga ana matse shi ta kowane gefe, in shanunsa suka yi ɓarna kuwa tara mai nauyi ce ke jiransa wajen alƙali da ɗan sanda. Yara suka tashi a dajin ba karatun allo mai zurfi ba na boko, ba su san hukuma ba sai ranar da ta zo karɓa. Duk wannan yana faruwa ne tafiyar sa'a guda ko biyu daga Dutsin-Ma, garin da a lokacin ya ke ƙara bunƙasa: aka gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, aka kafa Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Gari ya cika da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, bayansa kuma ga ƙasa mai faɗi wadda ba ta da mai ita.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. Wajen 2011 satar shanu ta tsananta a Zamfara ta bazu zuwa yammacin Katsina. Makiyaya ne suka fara shan ta, gama su ke da shanun. Bindigogi suka yi araha bayan rushewar mulkin Libiya a shekarar nan, babur da wayar hannu suka yi wa mahari abin da doki da ɗan leƙen asiri su ke yi wa na dā. Ƙauyuka suka kafa 'yan sa-kai, waɗansunsu suka riƙa kashe Bafillace don Fillancinsa kawai, ramuwa ta bi ramuwa, daga satar shanu aka koma satar mutane don kuɗin fansa. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da shugabannin 'yan bindiga sau biyu, na biyun a 2019, duka ba su ɗore ba. Cikin Agusta 2019 aka faɗa wa Wurma ta ƙasar Kurfi aka kwashe mutane. Ran 18 ga Afrilu 2020 aka kai hari ƙauyukan Dutsin-Ma da Safana da Ɗanmusa, 'yan sanda suka ce mutum 47 aka kashe. Ran 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su dajin, aka sako su bayan kwana shida ta gefen Zamfara. A Satumba 2021 aka yanke layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, aka kuma hana cinikin shanu a kasuwanni da yawa. A Oktoba 2023 aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga masaukinsu cikin garin Dutsin-Ma.

A nan akwai kuskure biyu da ya kamata malami ya tsare ɗalibansa daga gare su. Na fari shi ne a ce yaƙin Haɓe da Fulani ne ya dawo. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na 1981 a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna cewa raba mutanen wancan zamani gida biyu bisa ƙabila ba ya bayyana abin da ya faru, don akwai Hausawa da yawa cikin jama'ar Shehu, kuma biyayyar garuruwa ta fi bin sha'anin mulki da haraji da tsaro. Labarin Siddiƙu da kansa ya isa misali. Ɗanmari sarauta ya ke nema, yana da fada da alƙali da masu naɗi. Ɗan bindigar dajin ba shi da da'awar gadon kowa, kuma waɗanda ya fi cuta sun haɗa da danginsa. Na biyu shi ne a ce dajin ne ya haifi ta'addancin. Daji ba ya harbi. Talauci, da zaluncin da aka yi wa makiyaya, da kwaɗayin kuɗin fansa, da sakacin hukuma, su ne musabbabi, kuma da babu Rugu da sun ɓullo ta wata fuska. Abin da tarihi ya bayyana shi ne wurin. Shi ya amsa tambayar da ta fi damun mutumin Kurfi, watau me ya sa masifar ta sauka a ƙofarsa ta yamma, ta yi sauƙi a ƙasar Mani ko Daura, inda talauci bai fi nasa sauƙi ba. Can babu inda mutum ɗari bisa babura za su ɓuya da shanu dubu. Nan akwai, an kuwa ga yadda aka yi ya samu.

Ko hanyoyin ma ba su canja sosai ba, gama ƙasa ce ke zaɓa wa mahari inda zai bi. Ran 5 ga Yuli 2022 aka yi wa ayarin motocin fadar Shugaba Muhammadu Buhari kwanton ɓauna kusa da Dutsin-Ma, suna kan hanyar Daura gabannin Babbar Salla. A wannan lokaci ne kuma aka kashe Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda Aminu Umar, mai kula da shiyyar Dutsin-Ma, a dajin Zakka, wurin da ayarin Galadiman Sakkwato ya tsaya ya ɗaura ɗamara a 1853. Tun daga 2019 dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka ƙetare iyakar 1906 suka fake a jihar Maraɗi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe ofishin 'yan gudun hijira a can. Waɗanda ba su ƙetare ba suka bar ƙauyukan bakin daji, waɗanda akasarinsu kakanninsu ne suka sare su bayan 1903, suka taru a Batsari da Safana da Kurfi da Dutsin-Ma, wasu a gidajen dangi, wasu a azuzuwan makarantun firamare. A Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamad da rundunar tsaro ta jiha wadda aka ɗebo daga samarin garuruwan, a 2025 kuma ƙananan hukumomi da dama na bakin dajin, har da Kurfi, suka zauna da 'yan bindigar yankinsu suka ƙulla sulhu, bisa sharaɗin manomi ya koma gonarsa, makiyayi kuma ya shigo kasuwa ba a taɓa shi ba.